Noti Ashirin da Gareji Ɗaya

Ranar Juma'ar da Rigoberto Salcido ya sauke sababbin rim huɗu, wato ƙarafan da ake sa wa robar taya, a ƙofar gidansa, babu wanda ya samu barcin rana a layinmu. Ya jera su a kan ciyawa, kowanne bisa tawul ɗinsa, ya tsaya da hannu a ƙugu yana tare duk wanda ya gitta. Har mai raba wasiƙu bai tsira ba.

"Taɓa ka ji. A'a, goge hannunka tukuna. Ruwan tagulla, inci goma sha tara. Duk kudancin San Antonio babu mai irinsu."

Rigo gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Matsalar ita ce tunda ya iya wannan, ya yanke wa kansa hukunci cewa babu ƙarfen da ya fi ƙarfinsa a duniya. Motarsa ja ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ta yi ƙasa har sai ya naɗe kansa kafin ya shiga. Shekara uku tana kwana a gareji cikin bargo, ita kuwa matarsa Ofelia tana haɗa tamale na sayarwa, wato ƙullun masara da ake naɗewa a bawonta a dafa kamar alala, a kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki.

Tana jin hayaniyar ta fito, hannunta duk ƙullun masara.

"Rigoberto."

In ta kira sunan nan cikakke, mu da ke maƙwabtaka mukan rage ƙarar rediyo.

"Na'am, uwargida."

"Waɗannan kuma a ina za su kwana?"

"A jikin mota mana."

"Motar fa?"

"A gareji, ina kuwa?"

"Ni kuma babbar tukunyata a kan injin wanki, ko? Ina dafa dozin arba'in duk mako a cikin akurki, ƙarfe yana kwana a ɗaki da bargo."

Rigo ya duba ya ga idon jama'a a kansa, sai bakinsa ya riga kansa. Asabar ta sama ce ƙungiyar masu motoci take baje kolinta na shekara a filin tsohuwar kasuwar da aka rufe, inda ake ba da kofi.

"To saurara," in ji shi. "In motar nan ba ta ɗauko kofi ranar Asabar ba, ki ɗauki garejin. Ki sa murhu, ki sa tukunya, ki ɗauko mahaifiyarki ma ki ajiye a ciki in kina so."

Ofelia ta juya. Ta ɗaga murya zuwa gidan da ke fuskantar nasu, inda dattijo Eusebio Carrasco, shugaban ƙungiyar kuma babban alƙalin gasar, yake zaune a baranda.

"Baba Eusebio, ka ji?"

"Kunnen dama ne ya mutu, 'yata. Na hagu ya ji tsaf."

Washegari da hantsi Rigo ya ɗaga mota a jak, ya cire tsohuwar taya, ya saka sabuwa. Ya ɗauko notin motar na asali zai ɗaura, noti ya ce bai san zancen ba. Ramukan sabon rim ɗin matsattsu ne, tsohon noti kuwa ƙato. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya shafa masa man girki.

"Sabon abu ne, kunya yake ji," ya ce da mu. "Miƙo min guduma."

Babu wanda ya miƙa. Ya ɗauko da kansa. Bugu na farko noti ya yi tsalle ya faɗa cikin furannin Ofelia. Bugu na biyu guduma ta zame ta zana wa rim ɗin tabo mai tsawon yatsa. Rigo ya shiga gida a guje ya fito da kwalbar jan farcen matarsa ya shafe tabon. Jan farcen ruwan hoda ne.

"Daga nesa ba a gani," in ji shi.

"Daga ina, daga Houston?" in ji Baba Eusebio.

Kafin azahar ya je shagon kayan mota ya dawo da siraran noti. Mai shagon ya tambaye shi irin zaren notin da motarsa take ɗauka, shi kuma ya ce masa shi ba a yi masa jarrabawa, noti ai noti ne. Wannan karon sun shiga rami, amma juyi biyu suka yi suka cije. Kowa ya san in noti ya cije a juyi na biyu ana tsayawa ne. Rigo ya jawo bindigar iska ta ɗaure noti da yake aiki da ita, ya ɗora, ya danna. Ta yi ta-ta-ta-ta, sai muka ji ƙas! Ƙusar da ake ɗaura notin a kanta ta karye, rabi a jikin mota, rabi a bakin bindiga.

"Ƙarfen zamani," ya ce. "Duk gwangwani ne."

Ofelia ce ta kira ƙanwarta Maricela, wadda kowa ke kira Chela, mai shagon taya a bakin babban titi. Shekara goma sha biyu tana wannan aikin, kuma tun ranar ɗaurin auren yayarta ba ta taɓa barin Rigo ya gama magana lafiya ba. Ta sauko daga a-kori-kurarta, ta duba ƙusar, ta duba jan farcen, ta dubi yayarta.

"Yaya Ofelia, har yanzu ba ki makara ba. Akwai wani direban motar makaranta da matarsa ta rasu."

"Ke 'yar faci, aiki aka kira ki ko wa'azi?" in ji Rigo.

Cikin rabin sa'a ta canza ƙusar. Sannan ta zaro wata 'yar jaka daga aljihu ta zazzage a tafin hannu: noti baƙaƙe, na ƙarfe, gajeru, babu ado ko ɗaya.

"Ga naka nan, Yaya Rigo, guda ashirin, kyauta saboda yayata. Abu uku ake dubawa. Zare ya dace da ƙusa. Kauri ya shiga rami. Na ukun shi ne wanda ke kashe mutane: gindi. Leƙa ramin rim ɗinka. Ka ga ya tsuke kamar mazurari? To notin da zai zauna a ciki dole gindinsa ya zama mai gangara haka, ya kwanta luf ko'ina. In ka sa mai gindi zagayayye kamar ƙwai, a siririn layi ɗaya kawai zai taɓa. Za ka ɗaure, ka ji ya yi tam, ka hau titi ya fara kwance kansa."

Rigo ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen kyankyaso.

"Wannan? A jikin tagulla? Chela, gasar kyau za ni, ba jana'iza ba."

"Da irin masu ƙyallin da kake nema, duka biyun za ka je."

"Ki mayar da kashin akuyarki aljihu."

Ta mayar, ta ce suna nan in ya gama hauka.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci bai ko tsaya cin abinci ba, ya wuce kasuwar gwanjo. Can a tsakanin mai sayar da takalman kaboyi da mai gasa masara ya gamu da abin da zuciyarsa take nema: noti ruwan zinariya, kowanne da tsini mai tsawon yatsa kamar mashi. Mai tebur ɗin ya ce na alminiyon ne, ba su da nauyi ko kaɗan, irin na masu tsere. Zarensu ya dace, wannan karon Rigo ya tambaya. Game da gindi kuwa bai tambaya ba, mai tebur ma bai ga dalilin tayar da zancen ba. Ya haɗa masa da wani siririn makulli na musamman, ya ce in ba da shi ba babu sifanar da za ta kama su.

Da yamma motar ta sauka daga jak da noti ashirin masu tsini a ƙafafunta. Gaskiya ta yi kyau, kyau irin na abin tsoro.

"Kun san nawa na rage mata a nauyi?" in ji Rigo. "Kusan rabin kilo!"

"Da ka bar tamale biyu a faranti da ka rage fiye da haka," in ji Ofelia.

Litinin tsini ɗaya ya kama siket ɗinta na zuwa coci da ta ɗebo daga shanya, ya tsarge shi har gwiwa. Talata ya yanki ƙaurin mai raba wasiƙu, wanda tun daga ranar yake jefo wasiƙun gidan daga bakin titi. Laraba karen Baba Eusebio ya zo ya ɗaga ƙafa a jikin tayar baya yadda ya saba, ya yi wata ƙara da ba mu taɓa ji daga bakin kare ba, ya koma gida da ƙafa uku.

"Tsaro ke nan," in ji Rigo. "Ko kare ya san ba a wasa da ita."

Chela ta biyo ranar Alhamis. Ta tsuguna, ta karɓi makullin ta kwance ɗaya, ta juya gindinsa ta nuna masa. Zagayayye sumul kamar ƙwai.

"Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

"Hassada ce. Ke dai ba ki da irinsu a shago."

"Ba ni da su saboda ina son kwastomomina su dawo da ransu. To ko ma'aunin ɗauri ka yi amfani da shi? Alminiyon ne fa, laushi gare shi. In ka wuce ƙima zarensa zai murje."

"Ma'auni?" Rigo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ga ma'auni nan." Ya daki tumbinsa. Ya maƙala makulli a notin tayar gaba ta hagu, ya zura doguwar sifana, ya hau kanta da ƙafa biyu ya yi tsalle. Noti ya yi ƙiii. "Kin ji? Kilo ɗari da biyar. Wace iska ce za ta kwance wannan?"

Abin da Chela ba ta sani ba, mu muka sani: tun Lahadi duk baƙon da ya zo kallon motar sai Rigo ya yi masa wannan wasan, kuma kullum a kan tayar gaba ta hagu, don ita ce ke fuskantar titi. Limamin cocinmu ma da ya zo wucewa an yi masa tsalle biyu.

Ranar Juma'a ya sanar da layi cewa ya ɓoye makullin a inda ko aljani ba zai gano ba.

Asabar da safe muka yi jerin gwano. Rigo a gaba da farar riga da tabarau, Ofelia a motar Chela da tukwanen tamale, don duk shekara takan kafa tebur a ƙarshen filin. Mil goma sha biyu ne. A mil na huɗu motar ta fara wani ƙas-ƙas-ƙas. A fitilar kan hanya Chela ta jero da shi ta sauke gilashi.

"Yaya Rigo, tayarka tana magana!"

"Inji ne yake gyaran murya!" Ya ƙara sautin kiɗa.

A mil na tara wani abu mai sheƙi ya fito daga ƙarƙashinsa ya yi tsalle uku a kwalta ya shige ciyawa. Chela ta yi ta danna ham. Rigo ya fito da hannu ya ɗaga mata, a zatonsa murna take taya shi.

Fili ya cika maƙil. Motoci sun fi ɗari, kowacce an buɗe mata baki ana leƙen inji, ƙamshin gasasshen nama da gahawa ko'ina. Al'adar ƙungiyar ita ce kowace mota ta zagaya fili a hankali, tafiyar ƙasaita, ta wuce gaban teburin alƙalai uku. A hankali aka ce. Chela ta yi fakin ta fito a guje tana kiran sunansa, amma an riga an kira lambarsa.

Ya taho. Rana ta daki tsinin zinariya, mutane suka ɗaga wayoyi. Rigo ya ji ihu, sai kansa ya kumbura. Daidai gaban alƙalai ya taka totur ya murɗa sitiyari don motar ta ɗan yi rawa.

Ta yi rawar kuwa. Noti huɗun da suka rage suka watse kamar an watsa wa kaji tsaba. Tayar gaba ta hagu ta yi sallama da motar, motar ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya gaban Baba Eusebio kamar mai neman gafara, kiɗa bai ko tsaya ba.

Tayar kuwa ta ci gaba da zagayen ita kaɗai. Filin yana da ɗan gangara, sai ta miƙe tsakanin layin motoci a tsaye cak, ba gaggawa, tagulla tana walƙiya, tabon jan farce yana leƙowa yana ɓuya. Jama'a suka dare mata hanya. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Wani mai gasa nama ya cire hula. Ta wuce motoci talatin ba ta gogi ko ɗaya ba, ta karkata ta kewaye kwandon shara, ta iso gaban teburin Ofelia, ta yi juyi uku a wuri ɗaya, ta kwanta a ƙafafunta.

Ofelia ta dube ta, ta dubi matar da ke gabanta riƙe da dala biyar.

"Na kaza ko na wake?"

Fili ya fashe. Wasu har da zama a ƙasa.

Rigo ya fito ta taga, don ƙofar ta ƙi buɗewa, yana gyara tabarau.

"Gwaji ne!" yake cewa. "Sabon salo ne na saurin canza taya, a wajen tsere haka ake..."

"Ɗana," in ji Baba Eusebio ta lasifika, "kashe kiɗan tukuna, sai ka yi mana ƙaryar a natse."

Babban kofin wata koriyar mota ce ta shekarun baya ta ɗauka. Saura ƙaramin kofi na zaɓin jama'a, wanda ake bayarwa da ƙarfin tafi. Baba Eusebio bai gama karanta sunayen ba fili ya ɗauka: "Taya! Taya! Taya!" Dattijon ya yi shawara da abokansa, ya taka da sandarsa har teburin tamale, ya sunkuya ya ajiye kofin a tsakiyar rim ɗin.

Rigo ya iso yana haki, ya sure shi ya ɗaga sama.

"Kofi! Uwargida, kin gani? Kofi! Gareji yana nan a hannuna!"

"Rigoberto, wa aka ba?"

"Tayata ce ai!"

"Baba Eusebio, me kunnen hagu ya ji?"

"Cewa ya yi in motar nan ba ta ɗauko kofi ba. Motar ga ta can a durƙushe, ko zagayen ba ta gama ba. Wannan baiwar Allah kuwa da ƙafarta ta zo."

"Ai jiki ɗaya ne!"

"Da jiki ɗaya ne da tare suka iso," in ji Chela.

Ta juya rim ɗin ta leƙa ramukansa. Notin ƙwai sun cinye su, kowane rami ya zama dogo kamar idon mage.

"Wannan ta gama aiki a titi har abada. Sai mu sa 'yar siririyar safaya." Ta girgiza jakar baƙaƙen notinta a gaban hancinsa. "Kashin akuya, ranka ya daɗe. Amma ba zan bar ka ka hau titi da sauran sha biyar ɗin nan ba, akwai 'ya'yan mutane a hanya. Kawo makulli."

Rigo ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu. Ya dubi sama.

"Yana... wuri mai tsaro."

"Ina?"

"Na ɓoye shi sosai."

"Ka manta."

"Ban manta ba, wurin ne ya ɓace min."

Masu filin kuma sun ce ƙarfe biyu za su rufe ƙofa, duk motar da ta rage a ja ta. Sai Ofelia ta sa hannu a aljihun rigar girkinta ta zaro siririn makullin, ta riƙe shi a sama yana lilo.

"A cikin tsohon takalminka na ruwa, bayan gwangwanin fenti. Jiya na gani, da na shiga auna inda murhu zai zauna."

"Jiya? Tun kafin a yi gasar kika auna?"

"Tun ranar da ka ɗauko guduma na sayi tef ɗin awo." Ta miƙa ɗaya hannun, tafi a buɗe. "Makulli da makulli, maigida."

Mutum ya fi ɗari biyu suna kallo. Rigo ya ciro makullin gareji daga zobensa, sai da ya karya farce kafin ya fita, ya ajiye a tafin hannunta. Aka yi tafin da ya fi na tayar.

Ya koma gida a gudun mil talatin cikin sa'a, da rim uku na tagulla da safaya siririya kamar faifai, Chela a bayansa ta kunna fitilun gargaɗi, mu kuma a bayanta.

Yanzu motar a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida take kwana, tsuntsaye suna yi mata ado kullum safiya. Gareji ya samu murhu biyu da dogon tebur, Ofelia ta kai dozin tamanin. Notin zinariyar da aka tsinto su take dannewa takardun goge hannu da su don kada iska ta kwashe. Ƙaramin kofin yana kan kanta cike da cokula. Rim ɗin kuwa an cire masa roba an kwantar da shi a tsakiyar gareji, a kansa ake sauke babbar tukunya in ta taso daga wuta.

Shekaranjiya na je sayen rabin dozin, na tarar da Rigo a bakin ƙofa ya tare wani baƙo da ya zo karɓar saƙo. Ya riƙe masa hannun riga yana nuna masa gindin tukunyar.

"Duba da kyau, mutumina. Inci goma sha tara, ruwan tagulla, ta taɓa cin kofi. Ka zagaye Texas kaf, in ka samu tukunyar da ke zaune a kan irin wannan, ka dawo ka faɗa min. Kuma ni na zaɓo ta da kaina."

Daga ciki Ofelia ta ce, "Rigoberto, bawon masara ya ƙare."

"Ina zuwa, uwargida."